"Abincin wani gubar wani": ɗanɗano ake nufi ko lafiya?

Malam Sabo: Jama'a, ana yawan jefa wannan magana idan an saɓa a kan zaɓi, wai kowa da abin da ransa ke so. Ni ina ganin an rage mata nauyi. Guba fa aka ce. Abin da ke gina jikin wani shi ke kwantar da wani.

Hajiya Rabi: Malam, karin magana ai ba takardar likita ba ce. Ta shafi sana'a, aure, har da wurin zama. 'Yar'uwarta ita ce "kowa da kiwon da ya karɓe shi". Wanda ya yi amfani da ita a kan ɗanɗano bai yi kuskure ba.

Auwal: Hajiya, ki yi haƙuri, amma ma'anar zahiri tana da ƙarfi sosai. Ga madara. Akwai sinadarin da hanji ke fitarwa, laktas, mai narkar da sukarin madara. A jikin mutane da yawa yakan ragu bayan yaye. Sai sukarin ya wuce babban hanji ba a narke ba, ƙwayoyin bakteriya da ke can su ruɓar da shi, cikin rabin awa zuwa awa 2 ciki ya kumbura, ga iska ga zawo. Ayaba kuma lafiya lau ce ga mai lafiya, amma wanda ƙodarsa ta gaza ba ya iya fitar da sinadarin fotashiyam, idan ya taru a jini yana iya rikita bugun zuciya.

Malama Zainab: Auwal, ka tuna min da kalmar Turanci "diet". Asalinta "diaita" ce ta Girkanci, ma'anarta tsarin rayuwa gaba ɗaya: ci, sha, barci, motsa jiki, wanka. Likitocin Girka sukan tsara wa kowane majinyaci nasa, gwargwadon shekarunsa da yanayin lokacin. Wato tun asali an san tsarin wani ba na wani ba ne. Daga baya ne aka taƙaita ta ga cimaka, yau kuma da an ambace ta sai hankali ya tafi ga rage ƙiba.

Wani abin sha'awa, kalmar tana nufin majalisa ma. A Latin na tsakiyar zamani an danganta ta da "dies", wato rana, sai ta zama ranar taro. Shi ya sa ake kiran taron birnin Worms na Jamus na 1521 da ita, inda Martin Luther, malamin Kirista da ya ƙalubalanci cocin Katolika, ya tsaya gaban Sarki Charles na 5, mai mulkin Jamus a lokacin. Majalisar dokokin Japan, wadda ta fara zama a 1890, har yau da wannan suna Turawa ke kiranta.

Hajiya Rabi: To Malama, ai kin ba ni hujja. Tun da kalma ɗaya ta tashi daga kwanon abinci zuwa zauren majalisa, me zai hana karin magana ta tashi daga ciki zuwa ra'ayi?

Auwal: Na yarda, Hajiya. Damuwata ita ce masu kwafar tsarin rage ƙiba na wani. Abin da likitoci ke so shi ne a rage rabin kilo zuwa kilo 1 a mako. Wanda ya yanke ci gaba ɗaya, tsoka ce ke zubewa tare da kitsen, kuma saurin ramewa na haifar da tsakuwa a matsarmama. Mai ciwon sukari da ke allurar insulin kuwa, idan ya rage ci bai rage allura ba, sukarinsa zai faɗi har ya suma.