Na yi wa goɗiyata allurar jawo barbara amma shiru kake ji

Mai_Akawal:
Salam yan uwa. Dan Allah masu ilimin dawaki ku taimaka. Goɗiyata shekararta 7, haihuwa ɗaya ta taɓa yi, na daɗe ina so ta ɗau ciki abu ya ƙi. Wani abokina yace in mata allurar Estrumate wai kwana uku zata nemi namiji, na mata, ba a yi minti ashirin ba ta jiƙe sharkaf da zufa tana ta kallon cikinta har na tsorata wlh, daga baya ta ware. Yau kwana 8 kenan, in an kawo ingarma kunne take kwantarwa ta kai mai harbi. Maganin ne jabu ko in ƙara mata wata?

Ɗan_Barga:
Kar ka ƙara tukun. Zufar nan da murɗar ciki dama haka allurar take sa su, hasali ma alama ce maganin ba jabu bane. Tambayata yaushe rabonta da neman namiji kafin ka mata?

Dakta_Dawaki:
Malam Mai_Akawal tambayar Ɗan_Barga ita ce gaba ɗaya maganar. Goɗiya tana zagayowa kusan duk kwana 21, a ciki kwana 5 zuwa 7 ne take karɓar ingarma, kuma ƙwan baya fita sai kwana ɗaya ko biyu kafin ta daina karɓa. To gurbin da ƙwan ya fita shine yake zama wani ɗan ƙullutu mai fitar da sinadarin furojestaron, shi ke hana ta neman namiji na wajen sati biyu. Aikin Estrumate ɗaya ne tak, ta narkar da ƙullutun nan. In bai kai kwana 5 da fitar ƙwai ba bai nuna ba, allurar bata taɓa shi, in kuma babu shi kwata-kwata saboda ma'ajiyar ƙwan tana hutu to ka yi asarar magani ne kawai ka wahalar da dabba. In an dace da lokaci kwana 2 zuwa 5 zaka ga tana ɗaga wutsiya tana fitsari kaɗan kaɗan.

Hutun da nace kuwa, dawaki da tsawon rana suke tafiya, shi yasa a Turai da Amurka suke kunna musu fitila a barga tun farkon Disamba su cika awa 16 na haske kullum, kuma sai an yi wajen wata biyu ake ganin amfanin. Inda rana bata canzawa sosai an fi samun matsalar daga rama, goɗiyar da haƙarƙarinta ke waje ba allurar da zata gyara ta.

Ka samu likita ya mata sikanin. In ya ga ƙullin da ƙwai ke ciki kafin ya fita ya kai milimita 35 tana kuma nuna alama sai ya bada Chorulon, allurar da ke sa ƙwai ya fita, yawanci cikin awa 48 ƙwan zai fita, kaga barbara ɗaya a kan lokaci ta wadatar maimakon a yi ta gajiyar da ingarma. Zai kuma duba ko akwai ruwa a mahaifa, wannan yana hana ciki zama sosai kuma mutane basa kawo shi a rai.

Baba_Linzami:
Ni Regu-Mate nake ba tawa, maganin ruwa ne mai hana ta neman namiji muddin tana sha, a baki kullum har kwana 15, ka tsayar, kwana 4 ko 5 ta fara nema. Ya fi min sauƙin lissafi. Amma fa ka sa safar hannu ta roba don yana ratsa fata, mace mai ciki ko kwalbar kar ta riƙe. Estrumate ɗin ma haka, har da mai asma. Yaron da ke kula min da su da hannu yake zubawa sai da na mai faɗa sosai.

Dakta_Dawaki:
Gaskiya ne Baba. Na manta ban tambaya ba, Malam an taɓa haɗa ta da ingarma a watannin nan? Don allurar nan tana zubar da ƙaramin ciki.

Mai_Akawal:
Innalillahi. Likita an haɗa su, zai kai wata biyu, sau ɗaya ne ya hau kuma naga cikinta bai canza ba shi yasa na ɗauka bai shiga ba.

Dakta_Dawaki:
Cikin goɗiya da ke kai wata 11 ai ba a ganinshi da ido a wata biyu ranka ya daɗe, sikanin ake yi tun kwana 14 zuwa 16. Amma kar ka yanke ƙauna, in ciki ya wuce kwana 35 zuwa 40 allura ɗaya ba lallai ta zubar ba, ƙin namijin da take yi ma zai iya zama yana nan. In kuma ya zube a wannan matakin sinadarin da mahaifa ke fitarwa zai iya hana ta dawowa daidai har wajen kwana 120 daga barbarar. Ko wanne ne dai kar allura ta sake shiga jikinta sai an duba.

Mai_Akawal:
To Likita na gode, gobe da safe zan kira a zo a mata sikanin ɗin, zan dawo in faɗa muku abinda aka gani in sha Allah.