Motar lantarki a Kaduna: nawa cajinta yake ci, kuma wace wuta ce za ta ɗauke ta?

Abban Khadija:

Assalamu alaikum jama'a. Ina roƙon masu sani su yi mini lissafin gaskiya a kan motar lantarki. Gida yana Barnawa, wurin aiki yana cikin gari, zirga-zirgar yini ba ta wuce kilomita 50, sai zuwa Zariya ko Abuja jefi-jefi. Motar da ake hawa yanzu Corolla ce. Nawa cajin zai ci a wata idan aka gwada da fetur? Me ake buƙata a gida kafin a fara caji? Idan kuma batir ya gaji, ina aka dosa?

Injiniya Bala:

Wa alaikumus salam Abban Khadija. Amsar tana ga inda wutarka za ta fito, don haka bari mu bi ta lamba.

Matsakaiciyar motar lantarki tana cin yunit 15 zuwa 18 a kilomita 100. Da yake a garin nan ba a kashe AC, kuma wajen caji ana asarar kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari da ke tafiya a zafi, ka ɗauka mitarka za ta nuna yunit 20 a kowace kilomita 100. Wanda yake Band A, wato layin da aka yi wa alkawarin wuta aƙalla awa 20 a yini, tun 2024 yunit yana wajen naira 210, da VAT ya kai kusan 225. Ka ga kilomita 100 ta tashi naira 4,500 ke nan. Corolla a cunkoson Ahmadu Bello Way tana shan kamar lita 9 a wannan tazarar. Idan muka sa lita a naira 900, naira 8,100 ce. Ka sauya farashin da wanda ka gani a gidan mai yau, hanyar lissafin ba ta canzawa.

Kilomita 50 kullum ita ce 1,500 a wata: yunit 300, wato naira 67,500 a wuta, ko 121,500 a fetur. Rarar ta kai 54,000 a wata, kusan 650,000 a shekara, ban da juyen baƙin mai, fulogi da filta da ka huta da su.

Inda lissafin ke rushewa shi ne janareta. Ƙaramin janareton fetur da ƙyar yake ba da yunit 2 daga lita ɗaya. Yunit 20 lita 10 ke nan, har ya zarce abin da Corolla ɗin take sha, ga ƙara ga hayaƙi. Duk wanda layinsa ke Band C ko D, mai alkawarin awa 12 ko 8 da ba kullum ake cikawa ba, yunit ɗinsa ya fi araha, amma ya fara tabbatar da cewa wutar tana kwana kafin ya yi murna.

Sai kuɗin sayen motar. Idan ta fi motar fetur irinta tsada da naira miliyan 10, a wannan rarar sai ka shekara 15 kafin ka mayar da kuɗinka. Mai tasi ko mai Keke Napep da ke yin kilomita 150 a yini ya fi ka cin ribar abin ninki uku.

Malam Idi Mai Wayarin:

Injiniya ya gama da kuɗi, ni zan yi maganar gida, don a nan gobara take.

Cajar da ke zuwa da motar ana sa ta a soket irin namu mai ƙafa uku. Tana jan amfiya 10, wato kilowat 2.3. Yunit 10 da kake buƙata a yini zai shiga cikin awa huɗu da rabi, don haka ga irin tafiyarka ita kaɗai ta isa. Sai dai soket ɗin gida ba a yi shi don ɗaukar wannan nauyin awa biyar a jere ba, musamman na arha mai siririn ƙarfe a ciki. Bakinsa yana saki, ya ɗau zafi, roba ta narke. A ja masa layinsa shi kaɗai daga allon rarraba wuta, da wayar tagulla ta gaske mai kauri milimita 2.5, bireka mai amfiya 16, da na'urar da ke yanke wuta idan ta zurare, mai miliamfiya 30. Kada a kuskura a sa estenshan. Awa ɗaya da fara caji a taɓa filogin: ɗumi kaɗan ba komai, amma idan hannu ba ya iya tsayawa a kai, a cire a gyara.

Wanda ke son cajar bango mai kilowat 7.4, ita amfiya 32 take ja, nauyin AC mai doki ɗaya da rabi guda shida a lokaci guda. Tana son waya milimita 6, idan nesa ce daga mita a haura zuwa 10, da bireka mai amfiya 40. A duba ƙarfin mitar da kaurin wayar da ta sauko daga falwaya, don a yawancin gidaje siririyar alminiyam ce. A kuma sanar da Kaduna Electric ƙarin nauyin, kuma a tabbata mita ta kati ce. Da kuɗin ƙiyasi ba za ka taɓa sanin abin da motar ta ci ba.

Abu biyu ke hana caja aiki a unguwanninmu. Na farko rashin atin: idan ba a binne sandar tagulla a ƙasa an haɗa ta da kyau ba, cajar za ta kunna jar fitila ta ƙi ba da wuta, kuma haka take yi a kan yawancin janareta. Da rani ƙasa tana bushewa, atin da ke aiki a watan Agusta yana iya gazawa a Maris, don haka a auna shi da na'ura. Na biyu wuta mai rauni: idan ta faɗo daga bolt 230 zuwa wajen 170 da daddare, cajin zai riƙa yankewa. Sannan a sa kariyar tsawa da dawowar wuta da ƙarfi a allon, saboda cajar da ke cikin motar ita ce ke ƙonewa, kuma ba a kasuwar Panteka za ka samo ta ba.

Alhaji Sabo Dillali:

Malam Idi ya faɗi gaskiya. Ni a kan batir da bakin caji zan ja kunne, don su ne ke sa mai saye kuka.

Bakin caji ba iri ɗaya ba ne. Motar da aka ƙera don kasuwar Sin tana da GB/T, ta Turai Type 2 da CCS2, ta Amurka nata daban, tsohuwar Nissan Leaf kuma CHAdeMO take amfani da shi wajen cajin gaggawa. A gida adafta tana warware matsalar da sauƙi, amma ta cajin gaggawa tana da tsada kuma ba kullum take karɓa ba. Ka san bakin motarka kafin ka biya.

Batir kuma zafi ne maƙiyinsa. Tsohuwar Leaf ba ta da ruwan sanyaya batir, don haka 'yar Kwatano da ta riga ta sha shekaru, ta zo ta haɗu da zafin Maris da Afrilu, saurin gajiya take yi. A allonta akwai sanduna 12 na lafiyar batir, idan sun koma 8 ka bar ta komai arharta. Kowace mota ce, a sa na'urar bincike a karanta lafiyar batirin, ƙasa da kashi 80 cikin ɗari a rage kuɗi sosai. Batirin motocin iri-iri ne: LFP, irin wanda kamfanin BYD ke sawa, ya fi jure zafi kuma ana cika shi har wuya. Irin NMC an fi so a riƙe shi tsakanin kashi 20 da 80. Batir ba ya mutuwa dare ɗaya, tazarar ce ke raguwa a hankali, amma sauya shi gaba ɗaya yana iya kusantar kuɗin tsohuwar motar kanta. Taya tana saurin cinyewa saboda nauyi, kuma akwai ƙaramin batir mai bolt 12 wanda idan ya mutu motar ba ta tashi. Wayoyin nan masu ruwan lemo bolt 400 ke bi cikinsu, kada a bar bakaniken da bai koya ba ya sa hannu.

Abban Khadija:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. To Abuja fa? Kuma sola za ta iya?

Injiniya Hadiza:

Abban Khadija, Abuja kusan kilomita 190 ce. Mota mai batir yunit 64, kamar Hyundai Kona da aka fara harhaɗawa a Legas a 2020, a gudun babbar hanya da AC tana yin wajen kilomita 300. Za ta kai ka, ba za ta dawo da kai ba sai an yi caji a can, kuma a soket na gida cika ta daga ƙasa yana cin kusan awa 30. Ka shirya wurin caji kafin ka bar Kaduna. Zariya, kilomita 80, zuwa da dawowa babu damuwa.

Sola tana iyawa. Fanel mai wat 550 yana ba da kusan yunit 2.2 a yini a nan, don haka biyar sun isa yunit 10, a sa bakwai saboda ƙurar hunturu da hadarin Agusta. Inbata mai kVA 5 tana ɗaukar ƙaramar cajar, ba ta ɗaukar ta bango. Matsalar ita ce da rana motar tana wurin aiki. Tara wutar a batirin gida a juye da dare yana buƙatar ƙarin batirin litiyam na yunit 10, kuma ana asara a kowane juyi. Ya fi sauƙi ma'aikatu da makarantu su yi rumfar sola a wurin ajiye motoci, irin tashar da hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa, NADDC, ta kafa a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato.

Na ɗan saɓa da Injiniya Bala a abu ɗaya: lissafinsa na gida ɗaya ne. Taransifoma mai kVA 300 da ta riga ta cika, idan gidaje goma suka kunna cajar bango da ƙarfe takwas na dare, an ƙara mata kilowat 74, kusan rubu'in ƙarfinta. Idan ta ƙone, unguwa ce za ta yi karo-karo, har da waɗanda ko keke ba su da shi. Wutar ƙasar gaba ɗaya megawat 4,000 zuwa 5,000 ake rabawa, mafi yawanta daga iskar gas, sauran daga madatsun Kainji, Jebba, Shiroro da Zungeru. Shi ya sa nake ganin a saita caji bayan ƙarfe sha ɗaya na dare, a kuma rage shi zuwa amfiya 10 ko 16 idan ba sauri ake yi ba. Yawancin motocin suna da wannan saitin a allonsu.