Kududdufin kifi a bayan gida: me ake yi kafin ƙanƙara ta sauka?

Baƙon Hambog:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Gidan da na kama haya a arewacin Jamus akwai kududdufin ado a lambu, mita 3 da mita 2, zurfinsa santimita 90 a tsakiya. Akwai koi (manyan kifin ado masu launi) huɗu da jajayen kifi kamar goma, da bado, da famfon juya ruwa mai haɗe da matatar ruwa. Ga Oktoba ta shigo, ganye sai zuba yake. In kwashe kifin zuwa cikin gida ne, ko su zauna? Kuma abinci fa?

Mai Taru:
Wa'alaikumus salam Malam. Bar su a wurinsu, zurfin 90 ya isa. Ruwa ya fi nauyi a digiri 4 na Celsius, saboda haka ruwan digiri 4 ɗin ne ke kwanciya a ƙasa, ƙanƙara ta tsaya a sama. Can kifin za su lafe har bazara.

Abin da ya fi kashe su shi ne ruɓa. Ganyen da ya nutse yana cinye iskar oksijin, yana fitar da iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. In ƙanƙara ta rufe saman ruf, iskar ba ta da mafita, sai kifi su shaƙe. Don haka yanzu ka shimfiɗa raga mai ƙananan ido, ka ɗaga ta da sanduna kada ta taɓa ruwa, ka riƙa kaɗe ta duk kwana biyu ko uku. Yanke ganyen bado da ya yi rawaya tun daga tushe. Kwashe dagwalon ƙasa da koma a hankali, ka canza kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari na ruwan, ba fiye ba. In akwai kainuwa, fitar da ita duka, sanyi narkar da ita yake yi. Karan ciyawa mai rami a ciki kuwa, bar masa kamar santimita 20 sama da ruwa, yana taimakawa wajen shigar iska.

Hajiyar Lambu:
Maganar abinci, ƙanena, ka sayi ma'aunin zafi na ruwa, kada ka bi hasashen yanayi na waya. In ruwa ya sauka ƙasa da digiri 15, koma abinci mai ƙwayar alkama, sau ɗaya a rana, abin da za su cinye cikin minti biyu zuwa uku. Ƙasa da digiri 8 zuwa 10, tsaya cak. Ko rana ta leƙo a Janairu suka taso suna buɗe baki, kada tausayi ya kama ka. Cikinsu ba ya narkar da abinci sosai a wannan sanyin, wanda suka bari kuma zai ɓata ruwan.

Injiniya:
Famfo ne wurin da mutane ke kuskure. In yana zaune a ƙasa, zai ɗebo ruwan digiri 4 ɗin ya watsa shi sama ya huce. Ɗaga shi kan bulo zuwa santimita 30 daga saman ruwa, ko ka kashe shi, ka tsiyaye tiyo da matatar ruwan, ka ajiye famfon cikin bokitin ruwa inda ƙanƙara ba ta kaiwa don kada robobinsa su bushe. In akwai fitilar kashe gansakuka a jikin matatar ruwan, a shigar da ita ɗaki, gilashinta fashewa yake. Sai ka sa ɗan injin hura iska, dutsensa da ke fitar da kumfar iska a rataye santimita 20 zuwa 30 ƙasa da saman ruwa, a gefe mara zurfi.

Mai Taru:
Na manta: in ka wayi gari saman ruwan ya daskare, kada ka sa guduma. Bugun yana ratsa ruwa ya firgita kifin da ke kwance, har ya ji musu ciwo. Ɗora tukunyar ruwan zafi a kai har ta huda, amma ka ɗaure hannunta da igiya tukuna, in ba haka ba sai Maris za ka sake ganinta.