Shin kwamfuta za ta iya auna alhakin kowa a cikin laifi?

Ɗalibin Shari'a: Assalamu alaikum, malamai. Na ci karo da ma'aunin da Hana Chockler da Joseph Halpern suka fitar a 2004, wanda ke yanka wa duk mai hannu a al'amari kasonsa na alhaki. Misalinsu na ƙuri'a ne: idan mutum 11 suka kaɗa aka tashi 6 da 5, kowane ɗaya cikin shidan alhakinsa cikakke ne, domin da ya sauya ra'ayi da sakamakon ya juya, idan kuwa aka tashi 11 ba ko ɗaya, sudusi kawai kowa ya ɗauka. Alƙali zai iya dogara da wannan?

Malamar Lissafi: Wa alaikumus salam. Abin da ake ƙirgawa shi ne mutum nawa za su sauya ra'ayi kafin ƙuri'arka ta zama raba gardama, wato biyar idan an tashi 11 ba ko ɗaya, a ƙara ɗaya ya zama shida, sai alhakinka ya zama kashi ɗaya cikin shida, shi ya ba da sudusi. Sai dai sun bambanta alhaki da zargi, wanda ya rataya a kan abin da mutum ya sani. Idan sojoji goma suka yi harbi, bindiga ɗaya ce kaɗai ke da harsashin gaske kuma ba wanda ya san wacce ce, alhakin na mutum ɗaya ne, amma zargin ushiri-ushiri ne.

Almajirin Fiƙihu: Malama, a nan nake da ja. Sayyidina Umar ya zartar da ƙisasi a kan dukan mutanen da suka taru suka kashe mutum ɗaya a Sana'a, bai rage wa kowa laifi don yawansu ba. Da an rage, da taron dangi ya zama mafakar masu kisa. Fuƙaha'u kuma sun daɗe da rarrabe wanda ya haƙa rijiya da wanda ya tura mutum cikinta, kuma niyyar kowannensu tana iya sauya hukuncin.

Injiniya: Ni damuwata wanda ya zaɓi abubuwan da za a shigar cikin lissafin. A 2018 motar Uber mai tuƙa kanta ta kashe wata mata a Tempe, jihar Arizona ta Amurka. Na'urar ta hango ta daƙiƙa 5.6 kafin karon, amma ta yi ta canza shawara kan ko mota ce ko keke, ga shi kamfanin ya kashe birkin gaggawa na motar, ita kuma direbar da ke sa ido hankalinta yana kan waya. Direbar aka gurfanar, ba kamfanin ba. Idan mai tsara lissafin bai sa shawarar kashe birkin a ciki ba, kwamfuta ma direbar za ta nuna.

Ɗalibin Shari'a: Na gode. Ke nan lauyan wanda ake tuhuma yana da damar neman ganin abin da aka bari a waje?