Ta yaya ake gane bayanin kayan aiki ya yi kyau ga wakilin AI?

Ɗan Koyo: Assalamu alaikum. A sabar MCP (ƙa'idar da ke haɗa wakilin AI, wato manhajar AI mai aiwatar da ayyuka da kanta, da kayan aikin da zai yi amfani da su) kowane kayan aiki yana da suna, bayani da tsarin JSON Schema, wanda ke fayyace guraben da wakili zai cike idan zai kira kayan aikin. Da wane ma'auni ake gane bayanin ya yi, kafin a miƙa wa wakili?

Malam Injiniya: Wa alaikumus salam. Karatu da ido bai isa ba, sai an gwada. Ka tsara ayyuka na gaske kamar 30, ka rubuta kayan aikin da ya dace da kowanne. Ka saka wasu da ba sa buƙatar kiran komai, domin a nan ake kama bayanin da ya cika faɗi. Sannan ka ƙirga: sau nawa wakilin ya zaɓi kayan aikin daidai, sau nawa ya cike gurabe daidai, kira nawa ya yi kafin ya gama. Kowane aiki a maimaita shi sau 3 zuwa 5, amsar ba ta zuwa iri ɗaya kullum.

Hajiya Mai Kod: Ƙari a kan na Malam, yawancin ɓarnar a gurabe take. Idan ka rubuta user kawai a matsayin sunan gurbi, wakilin zai iya tura suna alhali lambar mai amfani ake nema. Ka sa user_id. Kwanan wata ka faɗi tsarinsa, misali 2025-03-01. Kuɗi kuma, naira ne ko kwabo? Rashin faɗin wannan kuskuren ninki ɗari ne.

Malam Injiniya: Haka ne, Hajiya. Kuma idan kayan aiki biyu sun yi kama, kowane bayani ya faɗi lokacin da ba a amfani da shi. Ka gyara jimla ɗaya, ka sake gwajin gaba ɗaya, don gyaran wannan yakan janye kira daga wancan.