Aure ya kai ni wata jiha, in sake sabuwar rajistar zaɓe ne?

Maman Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a taimaka min da shawara. Na yi katin zaɓena tun ina gidanmu, da shi na yi zaɓen 2019. Bayan nan aure ya kawo ni wata jiha, tsakanina da rumfata tafiyar wuni guda ce cur. A 2023 ina da tsohon ciki, ba halin hawa mota, haka na zauna ina kallon maƙwabta suna dawowa da tawada a yatsa. Katin yana nan cikin jakar takarduna, ko ƙwarzane bai yi ba, sai dai shekarar haihuwata da ke kansa ba daidai ba ce. Maigidana ya ce in bar wahala, in je in yi sabo a nan kusa. Ƙanwarsa kuma ta ce ta ji laifi ne. Maganar wa zan bi?

Malam Tsohon Malamin Zaɓe:
Wa alaikumus salam. Hajiya, ƙanwar mijinki ce da gaskiya, ki ba maigida haƙuri. Mutum sau ɗaya yake rajista a rayuwarsa, daga ya cika shekara 18. Dokar Zaɓe ta 2022 ta sa rajista biyu cikin laifuka, hukuncinsa tara ne ko ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya. Kuma abin ba ya ɓoyuwa, don zanen yatsunki da hoton fuskarki suna cikin kwamfutar hukumar zaɓe, wato INEC. A rajistar da aka rufe a ƙarshen watan Yulin 2022, mutum sama da miliyan 12 suka yi, da aka tace sai aka soke kusan miliyan 2.8, galibi na waɗanda suka maimaita. Ki duba yawan mutanen da suka sha rana a layi a banza.

Abin da za ki nema shi ne sauya rumfa, wato taransifa. Idan an buɗe rajista, ki je ofishin hukumar zaɓe na ƙaramar hukumar da kike zaune yanzu, ba ta garinku ba, da katinki a hannu. Za ki cike takarda, ki faɗi sabon adireshi da rumfar da ta fi kusa da ke. Ana iya fara cikewa ta shafinsu na intanet. In an amince, za a cire sunanki daga can a sa a nan, a buga miki sabon kati mai ɗauke da sabuwar rumfa. Kada ki bari sai zaɓe ya gabato. Dokar nan ta ce a tsayar da rajista da gyare-gyare aƙalla kwana 90 kafin zaɓe, kuma kwanakin ƙarshe ne layi ke kaiwa bakin titi.

Direban Dare:
Ni ganau ne, ba jiyau ba. Katina ya ɓace, sai na ga ai yin sabo ya fi sauƙi. Na sha layi kwana biyu, aka ɗauke ni hoto, aka ba ni 'yar takarda. Da lokacin karɓa ya yi, babu katina. Ashe sabuwar an soke ta. Ni na jawo wa kaina, da ɓatan kati na kai rahoto da an sake buga min.

Anti Mai Ɗinki:
Ƙanwata, maganar shekarar haihuwa kada ki bar ta. Rana ɗaya za ki iya neman gyaran da taransifar, ki riƙe takardar haihuwarki ko ta rantsuwar kotu. Katin nan ba ranar zaɓe kaɗai yake amfani ba, har banki ana nuna shi, in shekarunki suka saɓa da na sauran takardunki wata rana sai ya tsaya miki a wuya.

Abin da Malam bai faɗa ba, kuma nan ne mu mata muka fi sakaci: karɓar katin. A yi ta fama a cike takarda, sannan a manta da shi. Kafin zaɓen 2023 masu rajista sun haura miliyan 93, amma kati sama da miliyan 6 ba a je an karɓa ba. Da kanki za ki je, ba a aike, ko maigida ba za su ba shi ba. Sannan idan aka kafe sunaye don jama'a su duba, ki leƙa ki ga naki ya fito a sabuwar rumfa. Na'urar BVAS mai tantance masu zaɓe ba ta san magiya ba, in sunanki ba ya rumfar, sai dai ki koma gida.

Maman Biyu:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na karanta wa maigida, ya yi shiru, can ya ce ashe shi ma nasa rumfar tsohuwar unguwarsu ce. Malam, shi da bai bar jihar ba, shi ma sai ya yi taransifa?

Malam Tsohon Malamin Zaɓe:
Ƙwarai kuwa, ko daga mazaɓa zuwa mazaɓa ne a ƙaramar hukuma ɗaya. A 2021 an ƙara rumfuna sun kai 176,846, wataƙila ma akwai wata a bayan gidanku. Ku tafi tare, da sassafe.