Hodar kulorin ta dunƙule a durom: ajiyarta da zubar da ita

Mai Tambaya:
Assalamu alaikum. Masana, hodar kulorin ta tace ruwa, wato kalsiyam haifokulorait mai ƙarfin kashi 65 zuwa 70, in ta fara dunƙulewa, wari yana fita ta murfi, me ya jawo? Ina ya kamata a ajiye sauran, kuma yaya ake rabuwa da wadda ta lalace?

Injiniyan Ruwa:
Wa'alaikumus salam. Malam, danshi ne ya shige ta. Ɗan ruwa kaɗan ya fi ruwa mai yawa haɗari a kanta, don yana sa ta ɗumi, ɗumin kuma ya hanzarta rugujewarta, tana fitar da iskar kulorin da oksijin. Ita kanta ba ta kamawa da wuta, amma tana iya kunna abin da ya gauraya da ita. Taɓa jikin durom da bayan hannu. In da zafi, kada ka buɗe, ka fitar da mutane, ka kira 'yan kwana-kwana.

Sauran kuwa, busasshen ɗaki mai iska, babu rana, zafinsa ƙasa da digiri 35. Nesa da asid, man birki, giris, baƙin mai, takin yuriya da amoniya. Ludayin ɗiba ya zama na roba, busasshe, nata ita kaɗai. Wadda ta zube ƙasa ba ta komawa durom.

Malamar Kimiyya:
In hodar da ta lalace 'yar kaɗan ce, a waje za a yi aikin zubar da ita, da safar roba da tabarau. Hodar ake barbaɗawa cikin ruwa sannu a hankali, ba a zuba mata ruwa. Giram 15 a lita ɗaya na ba da ruwan kulorin mai ƙarfin kusan kashi 1. Sai a riƙa sa sodiyam tayosalfet, sinadarin da ke kashe ƙarfin kulorin, kaɗan-kaɗan ana motsawa, har takardar gwaji ta nuna kulorin ya ƙare. Kafin nan kada ya kusanci rafi, don yana kashe kifi. Jiƙaƙƙiyar hoda kuma ba a rufe ta gam a mazubi, iska na taruwa ya fashe. Durom guda dai ya fi ƙarfin bokiti: a nemi dillalin ko masu lasisin kwashe shara mai haɗari.

Jami'in Kariya:
Ƙari kan bayanin Malama: kada a haɗa ta da ƙwayar kulorin ta TCCA, wani nau'in kulorin ne daban da ake sa wa ruwan wurin ninƙaya, ko da a bokiti ɗaya ne, haɗin na iya fashewa. In gobara ta tashi, ruwa mai yawa ake kwararawa daga nesa. Tukunyar kashe wuta mai busasshiyar hoda, wadda ake rubuta ABC a jikinta, ba ta dace ba, akwai sinadarin amoniyam a cikinta, wanda ba ya jituwa da hodar kulorin.